Faifan da Ban Jona Ba

Istifanus, Murna, da ke Saratu, kun taso kuna jin cewa babanku ne ya hana ni aikin waje, wai ba ya son ganina ina yawo a Sabon Gari da sukudireba a jaka. Ni na bar maganar a haka, shi ma bai taɓa ƙaryata ta ba har Ubangiji ya kira shi. Ba haka aka yi ba. Babanku bai taɓa hana ni komai ba. Yanzu da idona ya fara gajiya da karatu, gara in rubuta muku abin da ya faru da hannuna, kada wata rana ku ji shi a bakin wani.

Kun san da keken rubutu na fara aiki a jami'a, a Samaru. Da kwamfuta ta shigo ofisoshi aka tura mu koyo, yawancin 'yan'uwana suka tsaya a buga takarda, ni kuwa cikin injin ne ya ja hankalina. Wani malami ya dawo daga karatu da faifan sidi na wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake kira Linux, ya ajiye a ɗakin kwamfuta, ba wanda ya kula sai ni. Na yi ta sakawa ina gogewa a wata tsohuwar kwamfuta har na fara gane halinsa. Kafin in kai shekara arba'in da biyu, masu makarantu da masu shagon buga takardu a Sabon Gari sun san lambata. Ranar Asabar sai in hau bas daga Hanwa in je in gyara musu abin da ya lalace. Ina jin daɗin yadda suke kallona in na buɗe inji. Wannan jin daɗin yana cikin abin da ya kai ni ga abin da zan faɗa muku.

Akwai wani ƙaramin asibiti a bayan kasuwa, na wani likita Ibo wanda aka haifa a nan Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Likita kawai muke ce masa. Kowace Laraba yana duba yara masu sikila, iyaye suna zuwa daga Chikaji da Bomo har da ƙauyukan hanyar Funtuwa. Mai kula da katunan marasa lafiya wata mata ce, Hajara, 'yar Chikaji, wadda mijinta ya rasa aiki da aka rufe masana'antar da yake yi wa aiki. Shekara uku tana shigar da bayanan yaran nan cikin wata tsohuwar kwamfuta: irin jinin kowa, sau nawa aka ƙara masa, maganin da ya karɓe shi da wanda bai karɓe shi ba. Ba ta da yawan magana, amma in uwa ta shigo, kafin ta buɗe baki Hajara ta kira sunan ɗanta.

A bazarar shekarar nan wasu 'yan coci daga ƙasar waje suka aiko wa asibitin sabuwar kwamfuta babba, irin wadda ake ajiye bayanai a ciki sauran su riƙa ɗauka daga gare ta. Faifan ajiya biyu ne a cikinta, da wani ɗan allo da ake kira kontirola. Aikin kontirolan shi ne duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ya rubuta shi a ɗayan nan take, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Manhajar bayanan da suka haɗo da ita a kan Linux take aiki. Likita ya kira ni ofishinsa, ya ce masu kyautar za su zo ranar Juma'a ta sama su ga injin yana aiki.

"An ce mini in ɗauko injiniya daga Kaduna," in ji shi. "Na ce a'a, muna da tamu a nan. Za ki iya, Madam?"

"Aikin wuni ɗaya ne, Likita."

Ranar Asabar da safe na saka sidi. Ya tambaye ni harshe na zaɓa, ya tambaye ni lokaci na zaɓa, sai ya tsaya ya rubuta da Turanci cewa bai ga faifai ko ɗaya a injin ba. Na kashe, na buɗe, na danna kowace waya, na kunna. Kontirolan da kansa yana nuna faifan biyu lafiya lau lokacin tashi, amma da an shiga sidi sai a ce babu su. Sai da na yi haka sau biyar kafin na yarda da abin da ke gabana. A cikin tsarin akwai abin da ake kira kanel, shi ne zuciyarsa, shi yake magana da ƙarfen injin. Kowane ƙarfe yana da ɗan rubutun da ke koya wa kanel yarensa, ana ce masa direba. Kanel ɗin da ke sidina ya girmi kontirolan nan, bai san da shi a duniya ba. Akwai ɗan faifan filofi mai direba a cikin kwalin, na saka da murna, kanel ya ƙi karɓa, ya ce ba don irinsa aka yi wannan direban ba.

Hanya ɗaya ta rage, in gina sabon kanel da kaina, mai direban a ciki. Na taɓa yi sau biyu don wasa, ban taɓa yi da wa'adi a kaina ba. Litinin da Talata na ƙare su a wani kafe na intanet a Samaru, a tsakiyar ɗalibai masu jiran layi, ina sauko da rubutun kanel. Layin yana yankewa, in koma farko, mai kafen yana kallona yana girgiza kai. Da na samu, na kai kwamfutar ofis na amsa tambayoyi ɗaruruwa, wannan a saka, wancan a bari, sannan na sake ta ta yi gini. Awa huɗu take ɗauka. Sau biyu aka ɗauke wuta a awa ta uku. Ina zaune ina kallon rubutu yana gudu a fuskar kwamfuta, ina kallon fankar sama ko za ta rage gudu.

Ranar Laraba da yamma na kai asibiti. Wannan karon sidi ya ga faifan. Na ce na gode Yesu a fili har Hajara ta ɗago kai ta yi murmushi. Na saka tsarin gaba ɗaya, na kashe, na kunna don ya tashi da kansa. Rubutu ya yi gudu ya tsaya cak. Kanel ya ce bai ga inda zai ɗauko sauran tsarin ba, ya ƙame. Masu sana'ar suna ce wa wannan firgitar kanel, kuma ban taɓa jin sunan da ya dace da abu kamar wannan ba, don tare muka firgita. Ranar Alhamis na nemi izini a ofis na wuni a ɗakin nan, na sake sakawa sau uku, sau uku yana ƙamewa a layi ɗaya. A waje ana share harabar asibiti ana jera kujeru. Likita yana leƙowa.

"Yaya dai, Madam? Ko in kira Kaduna? Har yanzu mutum zai iya isowa kafin dare."

"A'a, Likita, na kusa gamawa."

Wajen ƙarfe huɗu na tsaya ina kallon cikin injin. A babban allon injin, wanda komai ke jone da shi, akwai rami ɗaya tak da faifai irin wannan zai shiga kai tsaye ba tare da kontirola ba. Na daɗe ina kallon ramin. Sannan na cire wayar faifai ɗaya daga kontirola na soka ta a nan. Ɗayan faifan na bar masa wayar wuta don ɗan fitilarsa ya riƙa haske, amma ba abin da zai shiga cikinsa. Cikin minti arba'in komai ya hau. Na kwaso bayanan Hajara daga tsohuwar kwamfuta, na mayar da murfi, na ɗaure ƙusoshi. Na gaya wa kaina cewa na mako ɗaya ne, baƙi na tafiya zan dawo in gyara.

Ranar Juma'a baƙi suka zo, Hajara ta buga sunan wani yaro, tarihinsa ya fito, aka yi tafi. Likita ya nuna fitilu biyu masu haske a gaban injin, ya juyo gare ni a gaban kowa.

"Madam, gaya musu. Duka biyun suna aiki, ko? In ɗaya ya mutu ba mu rasa komai ba?"

"Eh, Likita."

Kalma biyu ke nan. Na sha juya su a raina har ban san iyaka ba. Da na ce masa akwai sauran aiki kaɗan, da ba abin da zai faru sai ɗan tsuke fuska.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda Likita ya gaskata ni. Mako na gaba ya ce a daina rubuta katin takarda, aiki biyu ne na banza. Tsofaffin katuna aka ɗaure aka kai sito. Tsohuwar kwamfutar ya ba wata makarantar firamare, aka goge ta. Kafin in farga, rayuwar yaran nan duka ta koma kan faifai ɗaya, a ɗakin da rufinsa kwano ne, a garin da wuta ke zuwa da ƙarfi ta tafi ba sallama. Ni kaɗai na sani a duk duniya.

Damina ta sauka a kan haka. A da ina son hadari, amma a shekarar nan in aka yi tsawa sai in ajiye abin da ke hannuna in tsaya ina lissafin ta wane gefe ta faɗa. Wayata in ta yi ƙara sai na duba lambar kafin numfashina ya dawo. A coci ana wa'azi ina zana wayoyi a bayan takardar waƙa. Kowace Asabar ina zuwa asibiti da sunan sabis, in kwafe bayanan a sidi in saka a jaka, Hajara tana kawo mini ruwan sanyi tana yi mini sannu. A ofis kuwa lokacin cin abinci ina karanta wasiƙun masu sana'ar na ƙasashen waje, ina neman wanda ya taɓa shiga irin ramin nan. Zannuwana suka fara yi mini yawa. Kakarku Mama, wadda take zaune da mu a Hanwa a lokacin, ita ta fara magana.

"Rifkatu, tuwon nan ba ki taɓa shi ba jiya, yau ma kin ture. Ciki ne ko ciwo?"

"Ba ko ɗaya, Mama. Aiki ne."

"Aikin da ke cin mutum haka, ba aiki ba ne kaɗai."

Sai a wata na huɗu na gane kuskurena, kuma ƙarami ne har ya ba ni haushi. Na gina direban a matsayin guntu daban wanda ake ajiyewa a kan faifai, alhali kanel ba zai iya karanta faifan ba sai da direban. Na kulle ɗaki ne na bar makullin a ciki. Abin da ya kamata shi ne in gina direban a cikin jikin kanel ɗin. Harafi ɗaya zan canza a cikin amsoshin nan. Na canza, na gina, na kwafa a sidi, na rubuta suna a kai na saka a jaka. Ranar na yi tsammanin zan yi barci mai daɗi. Amma da na zauna na tsara yadda gyaran zai kasance, sai na ga dole a kashe injin wuni guda, a goge faifan biyu a haɗa su, a mayar da komai. Likita zai tambayi dalili, kuma ba dalilin da zan ba shi sai gaskiya.

Da yamma bayan cin abinci, kuna ɗaki kuna aikin makaranta, na gaya wa babanku a tsakar gida. Yana gyaran takardun jarrabawar ɗalibansa. Bai san komai game da kanel ba, amma ya saurara har na gama, ya rufe biro.

"Wato mutumin yana ganin yana da biyu, alhali ɗaya ke gare shi."

"Haka ne."

"Kuma yaran mutane ne a ciki."

"Ina kwafewa duk mako, Baban Istifanus."

"Ban tambaye ki wannan ba. Gobe ki je ki gaya masa. In kina so in raka ki, zan nemi izini."

"Bari sai Asabar."

Asabar ta zo na je har ƙofar ofishin Likita. Yana tare da wani mai makaranta, yana ganina ya miƙe ya ce ga matar da nake gaya maka, abin da injiniyoyin Kaduna za su yi mako suna yi ita ta gama shi ita kaɗai. Na yi murmushi, na gaisa, na fita. Daga ranar ban ƙara iya taka asibitin ba. Ba na iya jure yabonsa, ba na iya jure ruwan sanyin Hajara. Na ce wa kaina ba zan koma ba sai ranar da na shirya faɗin gaskiya, kuma da haka kwafewar ma ta tsaya. Babanku ya tambaye ni sau uku, a na ukun na yi masa tsawa, bai ƙara ba. Mako bakwai suka wuce sidin gyaran yana jakata, ina zuwa da shi ofis, ina zuwa da shi coci.

Wata Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar asibiti. Muryar Hajara ce.

"Anti, injin yana wani ƙas-ƙas, ya ƙi tashi."

Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji ƙarar, na san faifan ya mutu. Likita yana tsaye hannu a aljihu, ko damuwa babu a fuskarsa. Ya ce ai ba komai, a tayar da ɗayan, marasa lafiya suna jira. Na ce su ba ni wuri in duba. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa kusa da injin, ban taɓa ko ƙusa ɗaya ba, na fi rabin awa. Da na fito sai na ji bakina yana cewa da alama wuta ce ta buge su duka biyun. Likita ya juya ga Hajara ya tambaye ta ko ta jira janareta ya daidaita kafin ta kunna, kamar yadda aka gaya mata. Ita ba ta iya ƙarya ba. Ta ce layi ya yi tsawo, ta kunna da wuri. Ya yi mata faɗa a gaban ma'aikata, ya ce aikin shekara uku ta ƙona da gaggawarta, ta tafi gida sai ya neme ta. Ta ɗauki mayafinta da 'yar jakarta ta wuce ta gabana. Har ta ce mini, "Ki yi haƙuri, Anti, na ɓata miki aiki." Ban ce komai ba.

Da na koma gida babanku ya ga fuskata bai tambaya ba, ni na faɗa. Mama tana kan tabarma tana tsince wake, ashe tana ji.

"Yarinyar da aka kora, tana da yara?"

"Huɗu, Mama."

Ta tashi daga tabarmar. Ta ɗauki farantinta ta koma ɗaki, ranar ba ta ci abincin da na dafa ba. Babanku ya ce shi ya gama magana tun tuni, abin da ya rage tsakanina ne da Allah.

Washegari da safe na koma da sidin da na kwafa na ƙarshe, da niyyar in ɗora shi a kan faifan da ya rage. Ko a cikin bas ban yanke abin da zan faɗa ba. Ina tunanin yadda zan bayyana cewa faifan da na ce ya ƙone ya tashi. Ina cikin aiki na ji hayaniya a waje. Wata mata ce daga Bomo ta shigo da 'yarta Binta a kafaɗa, yarinya 'yar shekara tara mai sikila, jikinta zafi rau, tana kukan ƙashi. Uwar tana ta maimaita magana ɗaya: watan jiya an yi wa yarinyar wata allura a nan, jikinta ya kumbura, numfashinta ya kusa ɗaukewa, likitan da ya duba ta ya ce kada a ƙara yi mata ita har abada, ya ce an rubuta a kwamfuta. Ba ta san sunan allurar ba. A watan jiyan Likita ya tafi jana'iza garinsu, wani baƙon likita ne ya riƙe masa asibiti, kuma lambarsa ba ta shiga. Likita ya shigo ɗakin da nake, karon farko na ga tsoro a idonsa.

"Madam, layi ɗaya kawai nake so, na watan jiya. Allurar da zan ba ta yanzu, ina jin tsoron ita ce."

"Na watan jiya babu shi, Likita. Amma Hajara ce ta buga shi."

Hajara ba ta da waya. Na fita da gudu na tare ɗan acaɓa, ban san gidan ba sai kwatancen da wata nas ta yi mini. Muka shiga Chikaji cikin taɓo, ina tambayar masu shago, ina addu'a a bayan babur kada yarinyar nan ta mutu a kan kalmata. Na same ta a tsakar gida tana wanki, idanunta a kumbure. Ban ko yi gaisuwa ba na ce Binta ta Bomo. Ta tsame hannu daga ruwa, ta ɗan rufe ido, ta faɗi sunan allurar, ta ce da manyan haruffa ta buga shi, ranar wata Laraba da aka yi ruwa. Ta ja mayafi, muka hau babur ɗaya mu biyu. Ita ce allurar da Likita ya yi niyyar bayarwa. Ya canza wata, aka saka wa yarinyar ruwa, zuwa azahar ta yi barci.

Sai da na ga kukan ya tsaya sannan na ce wa Likita ina son ya zo ɗakin kwamfuta, shi da Hajara. Na kwance murfin na nuna musu. Ga faifan da ya mutu, wayarsa a babban allo. Ga ɗayan, sabo fil, ba a taɓa rubuta ko harafi na bayanan yaran a kansa ba. Ga kontirola, ba abin da ke jone da shi. Na ce ba wuta ba ce, ba Hajara ba ce, ko ta jira awa guda faifan nan zai mutu wata rana, kuma ni na bar shi shi kaɗai tun ranar farko. Na faɗi na mako bakwai ɗin ma. Na kai ƙarshe. Likita ya daɗe yana kallon wayar faifan.

"Ranar da baƙi suka zo, na tambaye ki."

"Ka tambaye ni, Likita."

"Jiya kuma kina tsaye na kori yarinyar nan."

"Ina tsaye."

Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya juya ga Hajara ya ba ta haƙuri, a nan, sannan ya fita da ita ya sake ba ta a gaban ma'aikatan da suka ji faɗan jiya. Da ya dawo ya ce in gyara abin da na ɓata, kuma wannan karon da idonsa zai gani.

Na ɗauki hutu a ofis. Aka sayo sabon faifai daga Kano, na jona su biyun a kontirola, na saka kanel ɗin da ya yi mako bakwai a jakata. Ya tashi a karon farko, ko gardama bai yi ba. Na mayar da bayanan sidi. Na mako bakwai ɗin da suka ɓace muka zauna ni da Hajara muna haɗawa daga littafin ɗakin gwajin jini, da na ɗakin magani, da abin da ke kanta, kowace Laraba kuma muna tambayar iyaye ɗaya bayan ɗaya. Mun samo da yawa. Wasu ba mu samo ba, akwai iyayen da ba su ƙara dawowa ba, kuma har yau ban san abin da aka rubuta game da 'ya'yansu ba. Likita ya sa aka dawo da katin takarda. A rana ta ƙarshe ya tsaya a kaina, Hajara ta buɗe tarihin wani yaro, na sa hannu na zare wayar faifai ɗaya injin yana aiki. Kontirola ya yi ƙara, rubutun bai ko motsa ba. Likita ya gyaɗa kai.

"Haka na ɗauka yake tun farko," in ji shi. "Na gode, Madam. Daga yau wani zai riƙa zuwa daga Kaduna."

Sabon Gari ba ta da faɗi. Likita bai yaɗa ni ba, amma ma'aikata suna da baki. Kafin Kirsimeti wayata ta daina ƙara ranar Asabar. Masu makarantun da nake yi wa aiki in mun haɗu a kasuwa sai su gaishe ni da sauri. Na ci gaba da aikina na jami'a har na yi ritaya, ba wanda ya taɓa tayar da maganar a can, amma ban ƙara buɗe injin kowa a waje ba.

Saura maganar Hajara. Duk makonnin da muka yi muna aiki a tebur ɗaya, ba ta ce mini komai ba sai abin da ya shafi aiki. Ranar da Likita ya sallame ni, ta biyo ni har bakin ƙofar asibiti. Na tsaya na ce ta yafe mini. Ta gyara mayafinta, tana kallon titi ba ni ba.

"Ranar nan da na koma gida, Anti, har gari ya waye ina neman yadda zan gaya wa mijina cewa na kashe aikin yaran mutane da hannuna. Na yarda ni ce. Na ma roƙe ki haƙuri."

"Na tuna."

"Abin injin na yafe, kowa yana kuskure. Shirun da kika yi ne ban gama yafewa ba. Ina ƙoƙari."

Bayan haka mun yi shekaru muna gaisawa. Ta zo bikinki, Murna, ita ce matar da ta kawo miki tukwanen nan masu ruwan toka. Na je sunan jikarta a Chikaji, ta zaunar da ni kusa da ita, ta zuba mini abinci da hannunta. Sau da yawa na yi niyyar in tambaye ta ko ta gama, sai in ga ba ni da hurumin tambaya. Ta rasu a bara, bayan gajeruwar jinya. Na je gaisuwa na zauna cikin mata har la'asar, sannan na hau bas na dawo Hanwa.